Kunkurun Ruwa a Bahon Wanki: Amsa ga Wata Uwa

"Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a Kano. A tsakiyar daminar da ta wuce ƙanena ya kawo wa ɗana mai shekara 9 wasu 'yan kunkuraye biyu na ruwa, ya ce a bakin wani kududdufi na ƙauyenmu ya tsince su. Kowannensu bai kai faɗin tafin hannuna ba, launinsu ƙasa-ƙasa ne, kuma idan aka taɓa su sai su lanƙwasa wuya gefe su ɓoye kai. Mun sa su a bahon wanki a lungun kicin, muna ba su burodi da shinkafa da ɗan tuwo. Tun da sanyi ya shigo ɗaya ya daina ci, idanunsa sun kumbura sun rufe, bayansa kuma yana lotsawa idan an danna, ɗayan kuma kullum ƙoƙarin haurewa yake yi. Ruwan yana wari, ga shi ina da yarinya mai shekara ɗaya da rabi da take zuwa tana tsoma hannu a ciki. Maigida ya ce a kai su kwata a zubar, yaron kuma kwana biyu ke nan yana kuka. Ina tsoron alhakinsu, ina kuma tsoron lafiyar 'yata. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsoro biyun nan da kika ambata a ƙarshe, domin dukansu a kan hanya suke, kuma ba sai kin ɗauki ɗaya kin yar da ɗaya ba. Sai dai ɗaya ya fi ɗaya gaggawa, wato na yarinyar, saboda haka da shi zan fara, ko da yake na san hankalin ɗanki yana wajen mai kumburarren idon.

Kunkuru, na ruwa da na tudu, yakan ɗauki ƙwayar cutar da ake kira salmonela a cikin hanjinsa. Tana fita ta kashinsa, ta gauraye da ruwan, ta manne a ɓawonsa da jikin bahon da duk hannun da ya shiga ciki. Shi kansa ba ta cika damunsa ba, shi ya sa ba a gane mai ɗauke da ita da ido, kuma babu wani wanka ko magani da zai ba ki tabbacin an raba shi da ita. A jikin mutum kuwa tana kawo zawo da zazzaɓi da murɗar ciki, daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan ta shiga, kuma ta fi yin illa ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki. Abin ya kai ga a shekarar 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da duk kunkurun da tsawon ɓawonsa bai kai inci 4 ba, wato kimanin santimita 10, saboda ƙananan su ne yara suke ɗauka da hannu ɗaya su kai baki, kuma dokar tana aiki har yau. Naku daidai wannan girman suke, 'yarki kuma daidai wannan shekarun take.

Don haka yau ɗin nan, kafin a ɗora girkin dare, bahon ya bar kicin. A kai shi wurin da yarinyar ba za ta iya isa ba ko da hankalinki ya ɗauke na minti ɗaya, a wanke lungun da yake da sabulu da ruwan zafi, kuma daga yanzu wannan bahon da soson da ake wanke shi sun zama na kunkuru kaɗai, ba za su koma wanki ko wanke-wanke ba. Duk wanda ya taɓa dabbobin ko ruwansu ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci ko yarinya, kuma a hana yaron kusantar da su ga fuskarsa. Idan kuwa yarinyar ta fara zawo da zazzaɓi a 'yan kwanakin nan, a kai ta asibiti, a kuma gaya wa likita cewa akwai kunkuru a gidan, domin wannan jumla ɗaya za ta taimaka masa wajen bincike.

A nan maigidanki yana da gaskiya, kuma ya kamata ki gaya masa haka, domin warin da yake ji da haɗarin da yake hangowa ba ƙage ba ne. Inda ban bi bayansa ba shi ne maganar kwata. Ruwan kwata na omo ne da mai da leda da dattin unguwa, kuma dabbar da ke fama da ciwo ba za ta yi kwanaki a ciki ba, sai dai ta mutu a hankali inda ba wanda yake gani. Haka kuma kada wani ya ba ku shawarar jefa su a rijiya, domin ruwan da za a sha ne za su gurɓata, su kuma ba za su sami wurin hawa su huta ba. Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Hanya biyu ce a cikin hadisin, ko dai a kula yadda ya dace, ko a saki inda dabbar za ta iya rayuwa. Abin da ya faru a baya rashin sani ne, ba mugunta ba, kuma ga shi kin tambaya.

Yanzu bari mu san baƙin da ke gidanki. Lanƙwasa wuya gefe da kika lura da shi babbar alama ce, domin haka kunkurayen kududdufai da fadamun yankinmu suke ɓoye kai, waɗanda masana suka raba gida biyu, Pelomedusa da Pelusios. Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne na biyun yana da gaɓa a gaban ɓawon ƙirjinsa wadda take rufewa kamar murfi idan ya girma, na farkon kuma ba shi da ita, amma kulawarsu kusan ɗaya ce. Da damina suna cikin ruwa suna farautar ƙwari da tana da talibambam da ƙananan kifaye, suna kuma yin doguwar tafiya a tudu daga wannan ruwa zuwa wancan, wanda a irin wannan tafiyar ne mutane suke tsintarsu. Idan ruwa ya janye, da yawansu sukan nutse cikin laka su kwanta har ruwan sama ya dawo. Idan sun tsorata sukan fitar da wani ruwa mai ɗoyi daga jikinsu, kuma ba mamaki wani kaso na warin da ke damunku daga nan yake, saboda yawan ɗauka da juyawa. Wanda yake ƙoƙarin haurewa kuwa ba fitina yake yi ba, wurin ne bai yi masa ba, yana neman wani.

A lokacin ƙuruciyata akwai wani kututture da ya faɗa rabi cikin kududdufin bayan gari, kuma duk hantsi sai ka tarar da kunkuraye biyu ko uku a kansa, sun miƙe wuya, sun shimfiɗa ƙafafun baya har yatsun sun baje, idanu a lumshe, ɓawon ya bushe ya yi fari-fari da laka. Da inuwar mutum ta gifta sai ka ji tsundum, sun faɗa ruwa, bayan ɗan lokaci kuma hanci ya ɓullo daga gefe yana duba ko an tafi. Mu a lokacin mun ɗauka hutu suke yi. Daga baya na fahimci cewa wannan shan hantsi shi ne ginshiƙin lafiyarsu, kuma rashinsa ne ya kwantar da naku.

Jikin kunkuru ba ya samar da ɗumin kansa kamar na mutum ko na kaza, daga waje yake samu. Idan ruwa ya yi sanyi, narkewar abinci tana tsayawa, sha'awar ci tana gushewa, garkuwar jiki kuma tana raunana. A Kano cikin Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma ruwa kaɗan a baho a kan siminti yana bin sanyin nan da nan, alhali a daji dabbar tana da laka mai kauri da za ta shige. Bayan ɗumi, a cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, da shi fatar kunkuru take haɗa bitamin D3, da wannan bitamin ɗin kuma jiki yake ɗaukar kalsiyam daga abinci ya gina ƙashi. Wannan hasken ba ya ratsa gilashin taga, balle ya kai lungun kicin. Ɓawon kunkuru kuwa ba riga ba ce da ya sa, ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe suka zama rufi, akwai jini da jijiyoyi a ciki, kuma yana jin taɓawa. Wanda ya fito daga ƙwai kwanan nan yakan yi ɗan taushi a gefuna, amma wanda ya yi watanni a duhu yana cin burodi, bayansa kuma yana lotsawa, ciwon taushin ƙashi ne ya kama shi. Saboda haka a daina dannawa don gwaji, kada kuma a shafa masa manja ko man shafawa, kada a yi masa fenti, kada a huda gefen ɓawon don ɗaura igiya kamar yadda wasu suke yi, domin huda ƙashi ne.

Kumburin ido kuma yakan zo daga ɗaya cikin abubuwa uku, ko dukansu a haɗe: ƙazantar ruwa, da ƙarancin bitamin A a abinci, da kamuwa da ƙwayar cuta bayan sanyi ya raunana jiki. Kunkuru da ido yake farauta, don haka wanda idonsa ya rufe ba zai ci ba ko da yana jin yunwa, rashin cin kuma yana ƙara ciwon.

Wannan maras lafiyan a raba shi da ɗan'uwansa yau. Kunkuru ba dabbar zumunci ba ce, ba ya kewar kowa, kuma mai ƙarfi yakan ciji maras ƙarfi a wuya ko wutsiya. A sa shi a wata roba mai tsabta da ruwa kaɗan, daidai yadda zai ɗaga kai ya shaƙi iska ba tare da iyo ba, domin da huhu yake numfashi, kuma wanda ya galabaita yana iya nutsewa. A sayi ɗan ma'aunin zafi, a riƙa sirka ruwan har ya tsaya tsakanin digiri 26 da 28, kada a zuba tafasasshen ruwa yana ciki, kada kuma a kusantar da shi ga kaskon gawayi. Da dare a ɗora robar a kan katako a ɗaki mai ɗumi da yarinyar ba ta shiga, a rufe rabin bakinta da tsumma mai kauri, a jingina jarkar ruwan ɗumi a gefenta. A canza ruwan kullum. Da hantsi a fitar da shi rana ta kai tsaye na rabin awa zuwa awa ɗaya, da wani gefe mai inuwa da zai koma idan zafi ya ishe shi, kuma da mutum a kusa.

Duk wannan taimakon farko ne, ba ya maye gurbin likitan dabbobi, kuma ina ba ki shawarar a kai shi cikin makon nan. Idan kin ga kumfa ko majina a hancinsa, ko yana buɗe baki yana numfashi, ko yana karkata gefe ɗaya a kan ruwa, to ciwon ya kai huhu, kuma ba a jira. Akwai asibitocin dabbobi a Kano, sannan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da asibitin koyarwa na dabbobi idan aka buƙaci ƙarin ƙwarewa. Ina roƙonki kada a je kemis a sayo maganin mutane a ɗiga masa, musamman kada a bar kowa ya yi masa allurar bitamin A da ka, domin idan ta yi yawa fatar dabbar takan saluɓe, ciwon ya fi na farko muni. Ya kamata kuma in faɗa miki gaskiya, wanda ɓawonsa ya yi taushi ya kuma daina ci yana iya warkewa, yana kuma iya mutuwa duk da ƙoƙarinku, don haka a shirya zuciyar yaron tun yanzu cikin lallashi.

Sai maganar muhalli, wadda ita ce za ta hana na biyun bin sahun na farko. Masu kiwon kunkurun ruwa suna da ƙiyasin da suke bi, wato kimanin lita 15 na ruwa ga kowane santimita ɗaya na tsawon ɓawo, ma'ana mai santimita 10 yana son wajen lita 150. Irin namu sun fi yawo a ƙasan ruwa da iyo a samansa, saboda haka faɗi ya fi zurfi muhimmanci a gare su. Tsohon tankin ruwa na roba da aka yanke rabi yana yin aikin sosai, haka ma ɗan tafkin siminti irin na masu kiwon tarwada, sai dai sabon siminti yana sakin sinadari mai ƙona fata, don haka a cika shi a zubar sau da yawa na wasu makonni kafin a sa dabba. Zurfin ruwan ya kai tsawon ɓawon sau ɗaya da rabi zuwa biyu, yadda idan ya kife zai iya juyowa, bangon kuma ya yi tsawo da santsin da ba zai haura ba, domin sun fi yadda ake zato iya hawa. A gefe ɗaya a jera bulo, a ɗora faffaɗan dutse ko katako mai gangara, yadda zai hau da kansa ya bushe sarai, har ƙirjinsa, domin ɓawon da ba ya bushewa yakan fara ruɓa. A tabbata babu wani rami a ƙarƙashin dutsen da zai maƙale a ciki. Kada a zuba ƙananan tsakuwa a ƙasa, suna haɗiyewa su toshe hanji. Ko dai yashi mai laushi, ko a bar ƙasan haka nan.

A ajiye tankin a tsakar gida inda hantsi yake sauka amma rabinsa yana cikin inuwa, a rufe samansa da ragar waya mai makulli ko sakata. Ragar tana tsare su daga shaho da hankaka da kyanwa da ɓera, tana kuma tsare yarinyar daga ruwan, wanda bayan cuta akwai haɗarin faɗawa a ciki, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro mai tatata. Idan aka sami kainuwa aka jefa 'yan ƙwaya a ciki, za ta ba su inuwa da maɓoya, su kuma ɗan ciccije ta. Wanda ya ajiye kunkuru a ɗaki dole ya nemi fitilar UVB da ake canzawa duk wata 6 zuwa 12, da fitilar ɗumi, da hita, da matatar ruwa, dukansu kuma sun dogara da wutar lantarki. Mu da Allah ya hore wa rana, tsakar gida ta fi mana sauƙi da inganci. Sai dai rana tana da nata haɗarin. Cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ruwa kaɗan a roba a tsakiyar rana yana iya kashe kunkuru kafin la'asar, saboda haka a bazara a ƙara ruwa a ƙara inuwa, a hunturu kuma a riƙa shigar da su da dare.

Game da ruwa, na rijiya da na burtsatse ba su da matsala, na famfo kuma a tara shi ya kwana a buɗe don kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita. Tun da babu matata, a kwashe kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi sau biyu a mako a zuba sabo, a kuma wanke tankin gaba ɗaya duk mako ko mako biyu da soso da ruwa zalla, ba da omo ba. Wannan yawan canjin yana hana sauro hayayyafa, domin daga ƙwai zuwa sauro mai tashi yana ɗaukar kimanin mako guda ko fiye kaɗan. Dattin ruwan a zuba shi a masai ko a gindin bishiya, kada ya bi wurin wanke-wanke, kada kuma a shayar da latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye da shi.

Abinci shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma ba ku kaɗai ba ne, domin mutum yakan ba dabba abin da shi yake ci. Burodi da shinkafa da tuwo suna cika cikin kunkuru ba su gina masa komai ba, sauran kuma ya narke ya ruɓar da ruwa. Naku maciya nama ne. A ba su tana, da fara, da gyare, da shinge idan lokacinsa ya yi, da ƙananan kifaye ɗanye ɗungurungum da ƙayarsu da kayan cikinsu, domin a ƙashin ne kalsiyam yake, a hanta kuma bitamin A. Abincin kifi mai yawo a saman ruwa, irin na masu kiwon tarwada, yana iya zama wani ɓangare na cimarsu, amma kada ya zama shi kaɗai. Ɗan ƙaramin yankin hanta sau ɗaya a mako biyu ya isa, tsokar nama zalla kuwa ba ta da kalsiyam, kada a dogara da ita. A dafa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka ya yi laushi, a riƙa barbaɗa kaɗan a kan abincin sau biyu a mako. Kifin banda da soyayyar fara mai yaji da duk abin da ya ji gishiri ko mai ba nasu ba ne, haka ma ƙwaron da aka kama a ɗakin da aka fesa maganin sauro ko gonar da aka yi wa feshi. Yawan abin da za a ba kowanne kada ya wuce girman kansa, ƙanana kullum, manya kuma bayan kwana biyu ko uku. A cikin ruwa suke haɗiya, don haka a ba su da hantsi bayan jikinsu ya yi ɗumi, a wata 'yar roba daban da ruwa kaɗan, sannan a mayar da su, wanda hakan zai rage ƙazantar tankin sosai. Abu ɗaya nake so ki kiyaye a nan: kada son kunkuru ya sa yaron ya riƙa shiga kududdufi neman katantanwa ko talibambam, domin a irin wannan ruwan ake kamuwa da tsargiya. Tana da fara sun isa, kuma a tudu ake samunsu.

Kin ga ke nan aikin ba ƙarami ba ne, kuma ba na wata ɗaya ko biyu ba ne, domin irin wannan kunkurun yana iya haura shekara 20 idan ya sami kulawa, tsawonsa kuma ya kai santimita 20 ko kusa da haka. Ɗanki zai gama sakandare, wataƙila ya bar gari, dabbar tana nan, kuma a hannunki za ta rage. Idan macen ce, wata rana za ta buƙaci damshin yashi ta haƙa ta yi ƙwai ko da babu namiji, in ba ta samu ba ƙwan ya maƙale mata. Shawarata, tun da akwai ƙaramar yarinya a gidan, ita ce ku riƙe su amana zuwa damina, ku yi jinyar maras lafiyan, ku ciyar da su su yi ƙarfi, sannan ku mayar da su inda aka ɗauko su. Ba yanzu ba, domin kududdufin yana ƙafewa, ƙasa ta yi tauri, su kuma ba su tara kitsen da za su kwanta da shi ba. Sai ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, kuma sai wanda yake ci da kansa, idonsa a buɗe, ɓawonsa ya yi ƙwari. Wanda bai warke ba ba a sakinsa, don kada ya mutu ko ya kai wa na daji ciwo. Idan tsakar gidanku ba ta da wurin da za a killace daga yarinyar, to kawun da ya kawo su ya karɓi riƙon a gidansa har zuwa lokacin, yaron ya riƙa zuwa duba su, a kuma roƙe shi cikin girmamawa kada ya sake ɗauko wasu.

Wannan maganar saki ta shafi naku ne kawai saboda 'yan ƙasa ne kuma an san inda aka samo su. Akwai wani kunkurun da ake sayarwa a shagunan kifin ado, kore, mai jan tabo a bayan kowane ido, wanda yake janye kansa kai tsaye ciki. Asalinsa yankin kogin Misisipi ne a Amurka, macensa tana kai wa santimita 30, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna idan suka shiga muhallin da ba nasu ba, har Tarayyar Turai ta hana shigo da shi tun 1997. Duk mai karatun da yake da irin wannan kada ya sake shi a kogi ko tafki, sai dai ya nemi wanda zai karɓa ya riƙe.

Saura yaron. Kukansa alama ce mai kyau, kuma bai kamata a yi masa dariya ko a ɗauke dabbobin da dare a ce sun gudu ba, domin zai gane, kuma zai daɗe bai manta ba. Ki zaunar da shi tare da mahaifinsa, ku gaya masa abin da ya kwantar da kunkurun da abin da za a yi, a kuma ba shi aikin da ya dace da shekarunsa: haƙo tana, duba ma'aunin zafi safe da yamma, zama kusa da su lokacin shan hantsi, da rubuta a ɗan littafi ranar da kowanne ya ci da abin da ya ci, wanda likitan dabbobi ma zai amfana da shi. Canjin ruwa da wanke tanki kuwa aikin babba ne. Ina kyautata zaton idan maigida ya ga bahon ya bar kicin, wari ya gushe, an kuma sa ranar rabuwa, zai sassauta, wataƙila ma shi zai yanka tankin ya ɗaura ragar.

Idan ranar ta zo, a sa su a kwali mai huji da jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa, ba cikin ruwa ba, don kada su yi ta karo a hanya, a kuma kare kwalin daga rana a cikin mota. A isa bakin kududdufin da hantsi tare da kawunsa, a zaɓi gefen da yake da ciyawa, nesa da inda ake wanki da shayar da dabbobi. Yaron da kansa ya ajiye su a kan laka, taku biyu daga bakin ruwa, ba tare da ya shiga ba, sannan ya ja da baya ya tsaya shiru. Za su ɗan jima kafin su fito da kai su dudduba, daga nan su gangara da ƙafarsu. A tafi da sabulu da ruwa a jarka domin ya wanke hannu kafin a kama hanyar gida.